Zaman Tela a Benci na Huɗu

Matar Tela ba ta taɓa ɗaukar kanta mai sa ido ba. Laifin wurin tsayuwarta ne, in ji ta. Mawaƙan cocin a gefen bagadi, teburin ibada da ke gaba, suke tsayawa suna fuskantar jama'a, ita kuwa shekara ashirin da biyu tana layin gaba, ta haddace waƙoƙin har ta daina ɗaukar littafi. To idon da ba shi da littafin kallo ina zai je? Idan lokacin karɓar Jikin Yesu ya yi, wato gurasar nan da aka tsarkake, mutane suka tashi benci bayan benci suna bin layi zuwa wurin Fada, limamin cocin, bakinta na waƙa, idonta na ƙirga waɗanda suka zauna.

Zaman nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya girma a cocin ya san mai babban zunubi a wuyansa ba ya karɓa sai ya je ikirari, ya durƙusa ya faɗa wa Fada abin da ya yi, an yafe masa. Gaskiya ne akwai masu zama don sun manta sun sa wani abu a baki cikin awa ɗayan da ake kame ciki kafin karɓa. Amma mantuwa mako ɗaya take yi. Wanda ya jera Lahadi uku a zaune, to akwai magana, kuma maganar takan iso teburin gidan Tela tare da abincin rana.

"Kun ga matar mai kantin magani? Yau na uku ke nan."

Tela ya ce a miƙo masa gishiri. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, malamar firamare mai shekara ashirin da takwas wadda ita kaɗai ta rage a gidan, ta ci gaba da cin abincinta.

Sai ga shi wata Lahadi idon nan ya sauka a benci na huɗu, ya tarar da mijinta a zaune.

Tela ba mutumin da ke ɓoyuwa ba ne. Dogo ne, kansa fari fat, ko a zaune ya fi wasu a tsaye. Shekara talatin da huɗu da aurensu ba ta taɓa ganin layin karɓa ba shi a ciki ba, har ranar da zazzaɓi ya sa yana tafiya yana dafa benci. Yau ga shi ya harɗe hannu, mutane na tsallake dogayen ƙafafunsa suna wucewa. Auta na gefensa, ita ma a zaune, kanta a sunkuye. Matar Tela ta shiga baiti na biyu kafin lokaci, har mai kaɗa musu hannu ya juyo ya dube ta.

Makon farko ya ce shayi ya sha a makare. Mako na biyu ya ce zuciyarsa ba ta shirya ba. A na uku ya ajiye cokali ya ce, "Maman yara, wannan tsakanina da Allah ne."

Ta juya kan Auta. "Ke kuma fa? Ke ma shayin ne?"

"Mama, don Allah ki bar maganar."

Nan ta gano bakin zaren, a ganinta. Yarinyar nan tun tana rarrafe 'yar gaban goshin ubanta ce, a ƙarƙashin keken ɗinkinsa ta girma tana tsince ƙyallaye. Lalle ta san wani abu, shi ya sa take taya shi zama don kada a gan shi shi kaɗai. Uba da 'ya sun haɗa kai sun mayar da ita bare a gidanta.

Wane zunubi ne? Ta ɗauko Dokoki Goma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana wanke kwanuka. Ba ya fashin coci. Iyayensa sun daɗe da rasuwa, ya kuma yi musu abin da ya kamata. Kisa? Mutumin da ko kaza sai an kai wa maƙwabci ya yanka. Sata? Shi da yake naɗe ragowar ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ya mayar wa mai shi. Ta zagaya ta sake zagayawa, kullum a doka ta shida, wadda ta hana zina, take tsayawa. Ga shi kuma telan mata ne. Shekara da shekaru yana zagaya ƙugun matan mutane da tef, ita tana alfaharin mijinta ko ɗaga ido ba ya yi. Ashe ita ce sakarar unguwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana son mutumin nan, ko da yake ba ta cika faɗa ba.

Daga nan komai ya zama shaida. In ya yi aski, don wa? In wayarsa ta yi ƙara ya fita baranda, da wa? Ta shinshina rigunansa kafin wanki, ba ta ji komai ba sai man keke da ƙaurin guga, sai ta ce wayonsa ya kai har nan. Ran nan ta biya ta layin shagonsu, Mai Zare, gwauruwar da ke sayar da zare da maɓallai a shagon da ke manne da nasa, ta tare ta da fara'a.

"Maman Auta, wane biki kuka yi ba ku gayyace mu ba? Wata Alhamis can na ga maigidanki ya rufe shago da hantsi, ya sha kwat har da ɗaurin wuya."

"Ta wajen danginsa ne," in ji Matar Tela, tana murmushin da ya tsaya a haƙora. Ta lissafa a zuci. Alhamis ɗin nan kwana uku ce kafin Lahadin da ya fara zama.

Ranar Laraba ta sami Fada a ofishinsa. Ɗaki ne ƙarami mai tebur ɗaya da kujeru biyu, da kabad cike da manyan littattafan da ake rubuta baftisma da aure. Fadan bai wuce arba'in ba, a wurinta yaro ne.

"Fada, tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Maigidana ya zo ikirari kwanan nan?"

"Mama, kin san ba zan amsa wannan ba."

"Ban ce ka faɗa mini abin da ya ce ba. Ya zo ko bai zo ba, shi ke nan."

"Ko wannan ɗin ba zan faɗa ba. Da ke ce kika zo, shi ya tambaye ni, amsar da zai samu ke nan."

"Ni ai ba ni da abin ɓoyewa."

"To madalla." Ya gyara biron da ke gabansa. "Amma ki sani, ba a tilasta wa kowa tashi kowace Lahadi. Wanda ya zauna don yana girmama abin da ke kan bagadi ya fi wanda ya tashi don kada a gan shi a zaune. Kin tambaye shi?"

"Ya ce tsakaninsa da Allah ne."

"To ki bar musu mana. Su biyun sun daɗe da sanin juna."

Ta yi godiya ta fito. A cikin duk abin da ya faɗa, abu ɗaya ta tafi da shi gida: sau biyu ya gyara biron nan, alhali biron bai karkace ba. Har Fada ya sani. Ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Ranar Juma'a Tela kan shiga kasuwa sayen shafi da zif. Ta jira ya tafi, ta ɗauki makullin ajiya da ke rataye bayan ƙofar kicin, ta buɗe shagon kamar mai shi, don ai mai shi ce. Komai yana inda ta san shi: keken ɗinki biyu, teburin yanka da allinsa da babban almakashi, dutsen guga a kan bulo, kayan mutane a jere kowanne da 'yar takarda mai suna an soke da fil. Ta buɗe durowa, ta zazzage kwalin ƙyallaye, ba ta sami ko wasiƙa ba. Har ta fara jin kunya. Sai ta ɗaga labulen da mata ke shiga baya su gwada kaya, ta ga wata leda doguwa a rataye a ƙusa, an juya ta tana kallon bango.

Riga ce doguwa mai launin madara, da leshi a wuya da bakin hannu. Babu takarda a jikinta, babu suna. Ta juya cikinta ta duba. Da hannu aka yi kalmasar, ƙananan ɗinki a jere kamar haƙoran jariri. Shekara shida ke nan Tela ya daina ɗinkin hannu saboda idonsa, ko ita da ta roƙe shi ya yi mata a rigar bikin babban ɗansu cewa ya yi ta yi haƙuri da na keke. An kuma taɓa sa rigar, ga ɗan dattin ƙasa nan a gefen kalmasa.

Ta ɗauki tef ta auna. Ƙirji talatin da shida, ƙugu ashirin da tara, tsawo hamsin da bakwai. Ta jawo littafin awo, inda kowace mai kawo ɗinki take da shafinta, ta bi shi tun daga farko har ƙarshe tana lasar yatsa. Babu mai wannan awon. Wato bai ma buƙaci rubutawa ba. Da ka ya san ta.

Ta mayar da rigar yadda ta same ta. Mai Zare dai ta fita daga zargi, don ƙugunta ya bar ashirin da tara tun kafin a haifi Auta.

Lahadin da ta biyo, ta bakwai ke nan, Matar Tela ba ta ƙirga masu zama ba. Masu tashi ta auna. Matar tela ce, idonta tef ne. Matar mai gyaran rediyo ta cika gajarta. Sabuwar ma'aikaciyar asibitin nan tsawon ya yi, amma kafaɗa ta yi faɗi. 'Yar'uwar katakis, mai koyar da addini a cocin, fa? Ta kusa, ta kusa ƙwarai, ga ta kuma tana miƙa hannu tana karɓa ko kunyar Allah babu. Matan da ta yi shekaru tana addu'a tare da su suka riƙa wucewa ta gabanta, kowacce ta zama lamba uku. Ta san abin da take yi ba shi da kyau, a gaban bagadi kuma, amma ta kasa dainawa. Da nata lokacin ya yi ta je ta karɓa, ta dawo tana harar benci na huɗu.

Bayan an tashi ta ce musu su wuce gida, mawaƙa suna da taro. Ba taron da aka yi. Shago ta je.

Ta same su a tebur sun zuba abinci suna jiranta. Ta ture kwanon da ke tsakiya, ta zare rigar daga leda ta shimfiɗa, ta ajiye babban almakashin a kai.

"Wace ce?"

Tela ya dubi rigar, ya dubi almakashin. "Aikin mutane ne, Maman yara. Ɗauke shi daga kusa da miya."

"Aikin mutane yana da suna a jiki. Aikin mutane yana cikin littafi. Na ce wace ce?"

"Ba zan iya gaya miki ba."

"Ba za ka iya ba. Fada ba zai iya ba. Wannan munafukar da ke gefenka ba za ta iya ba. Shekara talatin da huɗu! Idonka bai ga allura ba a kan rigata, amma ya gani a kan ta karuwa. Kana zaune a gaban jama'a kamar gunki, kowa na kallo, kowa na lissafi, ni ina can ina waƙa kamar mahaukaciya!"

"Wa ke lissafin?" in ji Tela a hankali.

Wannan ce ta ƙarasa ta. Ta ɗauki almakashin ta kama hannun rigar, ta datsa. Leshin ya rabu da 'yar ƙara.

"Mama, ajiye. Tawa ce."

Matar Tela ta tsaya da almakashi a buɗe. "Kada ki rufa masa asiri da ƙarya, ranar Lahadi."

"Tawa ce, Mama. Ki auna ni in kina so." Auta ta miƙe tsaye. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Na yi aure. Ranar Alhamis, mako bakwai da suka wuce, a ofishin rajistar aure na gwamnati. Da malamin lissafin makarantarmu."

Matar Tela ta san shi. Shekara biyu da suka wuce ya zo gidan nan gaisuwa, mutum mai natsuwa, har ta fara sonsa. Sai ta bincika ta gano ya taɓa aure a coci, matar ta bar shi shekaru da yawa, tana wani gari da ranta. Ta ce a lokacin, a kan wannan teburin, mai mata ne har ranar da ɗayansu zai mutu, kada ta sake jin sunansa. Ba ta sake ji ba kuwa, sai ta ɗauka maganar ta mutu.

"Mun kai takardunsa kotun coci su duba auren farkon," in ji Auta. "An ce zai iya ɗaukar shekaru, kuma ba tabbas. Na san abin da na yi. Na san ba zan karɓa ba, ban kuma yi ƙoƙarin karɓa ba."

Ta dubi 'yarta daga kafaɗa zuwa ƙugu. Talatin da shida, ashirin da tara. Ta auna matan coci kaf, ba ta auna wadda take wanke wa kwano kullum ba, don a idonta Auta har yanzu yarinya ce mai kayan makaranta.

"Kai kuma ka sani," ta ce wa mijinta.

"Sau uku na gaya mata ba daidai ba ne. Ta ce za ta je ko da ni ko ba ni. To in bar 'yata ta tsaya gaban baƙi ba ta da kowa nata? Na je. Na sa hannu a matsayin shaida. Ni kaina ban tabbata hannuna a wanke yake ba." Ya shafa farin kansa. "Lahadin farko na ga bencinmu zai tashi gaba ɗaya ya bar ta ita kaɗai a gabanki. Sai na zauna. Na san ni za ki fara gani."

Abin da ya fara zuwa zuciyar Matar Tela, a faɗi gaskiya, daɗi ne. Babu wata mace. Mijinta nata ne, bai taɓa zama na kowa ba. Daɗin ya sauko mata har ƙafa, ta nemi kujera ta zauna. Yana wucewa kuma tsoro ya maye wurinsa, ta hango fuskokin mawaƙa, da matar mai kantin magani, da Mai Zare mai bakin nan. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta.

"Wa da wa suka sani a coci?"

Auta ta dubi ubanta.

"Ka ji ko, Baba?"

Ta shige ɗakinta. Suka ji tana magana a waya a taƙaice, sannan suka ji an jawo akwati daga ƙarƙashin gado.

"Me na ce?" in ji Matar Tela. "Tambaya ce kawai."

Tela ya ɗauki hannun rigar da ta datsa yana duba yankan, yana haɗa bakin leshin da yatsa.

Matar Tela ta daɗe a zaune kafin ta tashi ta je bakin ƙofar ɗakin 'yarta. Auta na ninke kayan aikinta tana jerawa, littattafan 'yan ajinta a gefe ɗaya an ɗaure da roba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Mako bakwai ina matar aure ina kwana a kan gadon nan, ina jiran ranar da zan iya. Shi ma yana can yana jira, bai taɓa matsa mini ba. Kullum in na buɗe baki sai ki riga ni da labarin wadda ta zauna."

"Ba zan ce miki daidai ne ba."

"Ban roƙe ki ki ce ba. Baba ma bai ce ba."

Akwai maganganu da yawa a bakin Matar Tela. Tana so ta tambaya ko yana kula da ita, ko gidan yana da ruwa, ko ta ci abinci ranar auren, wa ya gyara mata gashi. Ba ta saba da irin waɗannan tambayoyin ba, sai ta yi ta murza labulen ƙofar. Tana nan tsaye mota ta yi ƙaho a waje, sau ɗaya, a hankali.

Auta ta ja zif ɗin akwatin. Tela ya shigo ya ɗauka ba tare da ya dubi kowa ba, ya yi gaba. Auta ta rataya jakarta, ta zo wucewa, uwar ta matsa mata hanya.

"Lahadi za ki zo coci?"

"Zan zo. Ba a hana ni zuwa ba, karɓa ce ba zan yi ba."

"A wurinku za ki zauna? Kusa da babanki?"

"A'a. Baba ya zauna ya isa haka, ya kamata ya je ya ga Fada ya koma layinsa." Ta gyara igiyar jakar a kafaɗa. "Akwai benci a can baya, bayan ginshiƙin da ke kusa da ƙofa. Tun ina yarinya na gane daga inda kike tsayawa ba a hango wurin."

Ta durƙusa kaɗan kamar yadda ta saba in za ta fita, ta ce, "Sai anjima, Mama." Matar Tela ta ji an buɗe ƙofar mota, ta ji muryar mijinta yana gaisawa da wani, ta ji an rufe. Ta koma tebur ta tarar abincin mutum uku ya huce.